Sallama ga Ƙasan Tabki

Mun sauka Tabalak kasuwa na watsewa,
ni da na'ura, nannaɗe cikin tsohon bargo
kamar jinjiri mai mura.
Arzika ya dubi akwatin, ya dubi jirginsa,
ya ce kuɗin mutum biyu zan biya.

Da asuba muka ɗaure ta a gefen jirgi,
bakinta cikin ruwa.
Aikinta kira ne kawai.
Takan yi wa ƙasa sallama sau goma kafin ƙiftawar ido,
ta kasa kunne ta ji yadda za a amsa.
Tsakuwa na amsawa da ƙarfi, kamar mai jiran baƙo.
Rairai, a taƙaice.
Laka kuwa sai ta haɗiye sallamar,
ta maido rabi, a sanyaye,
irin amsar wanda ake bi bashi.

Ina duban allo, ina raba su gida-gida:
ja ga marmara, rawaya ga rairai,
ruwan toka ga taɓo.
Arzika bai dubi allo ba.
Gora yake cakawa, ya saurara da tafin hannu,
ya zaro, ya shinshina bakinta,
ya ce, yumɓu ne, nan tarwaɗa ke kwana.
Allo ya ɗan yi jinkiri,
sannan ya yarda.

Da rana ta take na nuna masa hotuna biyu
da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama,
ɗaya tun kafin a haife ni, ɗaya na bara.
Ga bakin korama, ga harshen rairai ya miƙo
yana lasar tabki kamar akuya da gishiri.
Ya ce ba sai an hau sama ba.
Nan da muke, gorar ubana ba ta taɓa ƙasa ba,
gaba uku da kamu.
Na duba lamba: mita ɗaya da rabi.
Na rubuta.

Ya laluba aljihu ya ciro wani dutse
mai siffar katantanwa, ya tsinta kan tudun Adar,
inda ko raɓa sai an roƙa.
Na ce malamanmu sun ce teku ta kwana nan,
tun ba a san mai ƙirga shekara ba.
Ya juya dutsen, ya yi dariya ba sauti:
ashe a ƙasan teku muke shuka albasa.
Ita ma haka ta tafi?
Kaɗan-kaɗan?

La'asar sakaliya, layi na goma sha bakwai,
amsar ta sauya.
Ba dutse ba, ba laka ba.
Wani abu dogo, siriri, mai baki biyu,
rabinsa rairai ya ci.
Amo irin na itace da ya daɗe da shan ruwa.

Karo na farko Arzika ya leƙo allo.
Gora ta tsaya a hannunsa tana ɗiga.
Ya ce Nomau, wansa,
shekarar da ruwa ya ci hanyar Agadas,
ya fita da koma, da dare.
Sun yi kwana tara suna caka ko'ina.
Ban da nan.

Jirgi ya yi ta juyawa da mu a hankali.
Na'ura ba ta san ta yi shiru ba,
sai sallama take yi,
ana amsa mata.

Yanzu taswira na bango a ofis, a Tawa.
Kowane taku na ƙasan ruwan da launinsa,
an buga hatimi, an sa hannu.
Shugabana ya ɗora yatsa kan wani ɗan fili fari,
bai kai ƙwayar wake ba,
ya ce nan fa, me ya faru?

Na ce launuka uku aka ba ni.