Saƙo Daga Yawuri

Gado ya kamfato Kwara a tafin hannu,
ya ce, "Kaka, wai teku ta fi wannan?"
Tsoho Manu na ɗinkin taru, bai ɗago ba.
"Ban taɓa ganinta ba.
An ce gishiri gare ta, ba ta da tsallake,
can ruwan nan ya nufa."

Hansatu ta zura yatsu uku a idon taru:
"Ƙananan za su zurare!"
"Su zurare.
Ɗan giwan ruwan da ya tsere bana,
baɗi sai ƙarti biyu."

Gado ya tsoma ƙafa.
"Kul! Inda ruwa ya yi shiru, nan zurfi yake.
Rungumi gora tukuna.
Ni da furfurata
ba na shiga sai da ido a gaɓa."

Sai yaron ya saki ganyen mangwaro a ruwa:
"In ka isa, ka gaida teku."