Kwalba Mai Jan Murfi

Ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya
na miƙa hannu bayan gwangwanin kofi
na sauko da kwalbar nan mai jan murfi,
wadda a da ta zuma ce.
Wata bakwai, Gesualda,
ban taɓa ta ba.

Jiya da dare Loredana ta kira daga Torino:
Baba, cokali nawa Mama ke zubawa?
Na ce, cokali?
Ina uwarki ina cokali?
Da wuyan hannu take awo,
tana zubawa tana faɗa da rediyo.

To, ga ni tsaye inda kike tsayawa.
Siminti ma ya lotsa a wurin.

Tafarnuwa ƙwaya ɗaya,
na danne ta da gefen wuƙa sai da ta ce ƙas.
Gishiri tukuna, sannan ruwan khal,
wannan kam na riƙe:
gishiri ba ya jin maganar mai,
khal kaɗai ke iya lallashinsa ya narke.
Na murza busasshen origano tsakanin tafuka,
cikin damin da kika rataye bayan ƙofa
bazarar da ta wuce,
kina cewa zai kai mu baɗi.
Ya kai ni.

Masoro kaɗan.
Ɗaɗɗoya ganye huɗu daga tukunyar taga,
yagewa ake yi, ba yankawa ba,
in ƙarfe ya taɓa ta sai ta yi fushi ta yi baƙi.

Sai man zaitun,
na itatuwanmu tara na hanyar Carovigno,
wanda Oronzo ya tatse mana a Nuwamba,
kore shar, mai kartar maƙogwaro.
Bana ni kaɗai na shimfiɗa raga.
Ya sauka a hankali kamar mai gudun tada barci,
ya kwanta a sama,
khal na ƙasa yana kallonsa.

Shekara arba'in da huɗu ina ƙorafi ɗaya:
ya yi tsami, Gesualda.
Ke kuma amsa ɗaya:
harshenka ne rago, Tullio, ci.
Yau ba mai hana ni.
Na rage khal, na ƙara mai,
na yi shi daidai yadda na daɗe ina roƙo.

Na ɗaure murfi, na girgiza,
na girgiza har agogo ya zamo min a hannu,
har biyun suka zama abu guda
mai launin hantsi a bangon farar ƙasa.
Na zuba kan latas da tumatir,
na gutsuri burodin jiya na dangwala.

Lami.
Ba laifi ko ɗaya a ciki,
kuma ba kowa a ciki.

Na zauna. Kyanwar maƙwabta ta leƙo ta wuce.
A ƙasa wani yaro na ta fama da babur ya ƙi tashi.
Kafin in ɗago, kwalba ta rabu biyu,
mai ya koma sama, khal ya koma ƙasa,
kowa ya kama gabansa
kamar mu bayan gardamar kuɗin wuta.

Na buɗe. Na karkata kwalbar khal,
na ƙara, na ƙara,
har na ji bakina na shirin cewa ya isa,
sannan na ƙara ɗigo uku.
Na girgiza. Na ɗanɗana.
Muƙamuƙina ya ƙage, idona ya kawo ruwa.
Ya yi tsami, na ce da kujerar da ke gabana.

Na cinye tas, na suɗe kwano da burodi.

Anjima zan kira Loredana.
Zan ce ta ajiye biro.
Ki zuba har sai wani a teburin ya yi ƙorafi,
sannan ki ɗan ƙara.