Taƙi Biyu

Ranar Talata Tsahiru na meri ya shigo Bilbis,
igiyar awo a aljihu, gwangwanin jan fenti a bayan babur.
Ya gai da ni, ya tambayi gida, ya tambayi ciwon gwiwata,
sannan ya ɗaga kai ya dubi allona:
ALKASUM, GYARAN REDIYO DA AGOGO.
Shekara goma sha tara yana nan rataye,
rana ta cinye rabin sunana,
ruwa ya lashe hannun agogon da aka zana.
Ya auna. Ya sake aunawa.
"Baba, ya shiga hanya da taƙi biyu."
Na ce hanyar ce ta zo ta iske shi,
da na kafa shi jakuna kaɗai ke bi ta nan.
Ya yi dariya, alƙalaminsa bai yi ba.
Jikka biyar, ko in sauke kafin Juma'a.

Daga nan ya wuce gidan Sahiya.
Shekara talatin ta yi tana allura a asibitin Tawa,
yanzu ɗakunanta huɗu, mutanenta bakwai,
waɗanda suka tafi Abijan da ƙafafunsu da hankalinsu
suka dawo da ɗaya kawai.
Akwai Nomau mai ƙirga motocin Konni,
akwai Agali da ba ya barci sai rediyo na kunne,
ko ba ta kama tasha ba, shuuu ɗin ya ishe shi.
Ni ke gyara ta. Ban taɓa karɓar dala ba.

Ita laifinta, ba ta da allo.
Gida irin wannan, in ji takarda, sai da izini,
sai da masai na biyu, sai taga a ɗakin baya,
sai da suna a ƙofa.
Masai ta yarda. Taga ta yarda.
"Amma me zan rubuta, Tsahiru?
Abin da yara ke kiransu?
Mai kawo musu fura ta san ƙofar,
mai jifa ne ke neman alama."

Tsakanina da ita akwai kangon Alhaji Illa.
Bulo ya kai taga ya tsaya,
tumfafiya ta fi ni tsawo a tsakar gida,
baƙar leda ta yi mata fure,
katanga ta yi ruku'u bisa hanyar 'yan lakwal.
Tsahiru ya daɗe a gabanta.
Ba hannun da zai karɓi takarda,
mai gida na Kwatano, lambarsa ba ta shiga.
Ya ja jan fenti a bango,
bisa na bara, bisa na bara waccan.

Ban zage shi ba.
Wata damina shi ya tono ɗan maƙwabcinsa
daga ƙarƙashin irin wannan bango,
tun ranar igiyarsa ba ta san dattijo ba.

Daren Alhamis na hau tsani, Agali ya riƙe mini.
Ƙusa huɗu, tsatsa ta ɗaura musu aure da ƙarfe,
sai da na fasa farce.
Na juya allon, bayansa fes, ba wanda ya taɓa karanta shi.
Na kai wa Sahiya da ragowar shuɗin fenti.
Ta zaunar da su a tabarma, ta miƙa buroshi.
Mai iya boko ya yi boko, mai ajami ya yi ajami,
Agali ya yi nasa da tifinar, ɗigo da da'ira,
Nomau ya dangwala babban yatsa.
Ita ce ta takwas, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.

Juma'a da hantsi Tsahiru ya dawo.
Ya auna tsawo, ya auna faɗi,
ya buɗe littafinsa yana neman inda aka faɗi
abin da za a rubuta.
Ya juya shafi, ya juya shafi, ya rufe.
Ya hura wa hatimi iska, ya buga.

Ƙofata yanzu tsirara take.
Jiya wani ya wuce ni sau biyu da agogo a hannu.
Katangar Illa kuwa ta ƙara sunkuyawa,
gabas ta fara haɗa hadari,
yara kuma ta nan suke bi.