Ɗakin Ƙasa, Ranar Alhamis

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a dutse,
akwai ɗaki a ƙasan jami'a, ba taga.
A ƙofa an rubuta: Kowa ya shigo.

Cike gurbi ne ya kawo ni.
Lissafin kuɗi nake karanta,
don lambobi ba sa jiran in buɗe baki;
i'ina ta riƙe harshena tun ina aji biyu.

Ximena ta zo daga ɗakin gawa, warin magani a gashinta.
Nahuel mai karatun gadoji ya ba hular kwanonsa kujera
kamar baƙo.
Wata mai koyon shari'a ba ta taɓa faɗuwa ba,
malama Hortensia ta ce: faɗi.
Sau tara, kafin ƙasa ta yarda da ita.

Ni masunci aka ba ni.
Layi uku, sai jan igiyar da babu ita.
Malama ba ta san mahaifina ba,
ba ta san asubar Caleta Portales ba,
ko yadda yake tofa yawu a tafi kafin ya kama.

Na tofa.
Na ja.
Maganar ta fito sumul, da muryarsa,
ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Da dare, a tsohon taragon hawa tudu,
i'inata ta dawo ta zauna kusa da ni.
Na matsa mata.
Tafina kuwa sai raɗaɗi,
wai igiyar da babu ita.