Farin Layi a Farin Gada

Shekara goma sha tara ina faci a bakin titin nan.
Na san kukan birki kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta:
akwai mai cewa "na tsaya,"
akwai mai cewa "na makara."

Ranar wata Laraba, hadari ya haɗo ta wajen Naraguta,
Kangyang ta ɗauko tiren tumatir za ta tsallaka,
tifa ta gangaro, cike da yashi, ba hon, ba sallama.
Tumatir ya watse har gindin injin iskata.
Na duba kwalta, na kasa raba ja da ja.
Takalminta ɗaya ya kwana a rumfata,
na rasa wanda zan miƙa wa.

Da can cewa muke, titi na gwamnati ne,
su da kwalta, mu da zaman makoki.
Mu yi Allah wadai, mu karkaɗe riga, mu koma nema.
Sai Baba Davou ya doka sandarsa a ƙasa, ya ce:
"Gwamnati ba ta tsallaka nan da ƙarfe bakwai na safe.
Jikokinmu ke tsallakawa."

Muka taru bayan rumfar masu kabeji,
'yan keke, 'yan dako, ladan, matar fasto,
Tanimu ya cire hularsa ya zagaya da ita,
ɗari biyu, hamsin, wata tsohuwa ta jefa ashirin mai faci.
Malama Tasalla ta rubuta takarda, muka dangwala.

Zuwan farko, oga ya fita.
Zuwa na biyu, takarda tana kan tebur.
Mai haƙuri yakan dafa dutse, ga Jos kuwa dutse ba ya ƙarewa.
A na uku aka haɗo mu da wata jami'a, Nanret,
siririya, da igiyar awo a jaka, ba ta da yawan dariya.

Muka ce za mu zuba tudun rage gudu da daddare.
Ta ce, "Kul. Tudun da ba a auna ba kabari ne ga mai babur.
Mu za mu kawo injiniya, da fenti, da allo.
Ku kawo yashi da hannuwa.
Amma ku ma kun ci titin nan.
Tirenku na kan kwalta, kekenku na lodi a kan kwana.
Kai mai faci, ja kayanka baya taku biyar."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.
Taku biyar nesa ne ga mai jiran tayar da ta sace.
Na kwana ina juyi.
Da asuba idona ya faɗa kan takalmin nan.
Na ja injina da kaina.

Ranar Asabar muka tare hanya rabi da rabi.
Hannun Nanret fari, gemun ladan fari,
ɗan Davou na riƙe igiya, ni ina jan buroshi,
layi bayan layi, kamar mai koyon rubutu da tsufa.

Yanzu kowace safiya mutum biyu ke sa riga mai ƙyalli,
yau Tanimu, gobe matar fasto,
su ɗaga hannu, tirela ta sunkuyar da kai,
yara su wuce a jere, suna faɗa kan ƙosai.

Fitilar da aka yi mana alkawari ba ta zo ba.
Malama ta sake rubutawa, karo na huɗu.
Ruwan Agusta ya cinye rabin fentin,
mun sake zagayawa da hula.

Takalmin yana nan, rataye a ƙusa.
Jiya birki ya yi ƙara, gabana ya faɗi, na saki guduma.
Na saurara.
Ya ce, "na tsaya."