Shayin Malam Ilu

Shekara arba'in ina matse rake a Maƙarfi,
doki na zagaya inji, ni ina zagaya doki,
ruwa na tafasa a kasko har ya yi ja,
in zuba a tasoshi, mazarƙwaila ta daskare.
Da ita na yi rufin kwano,
da ita Zulai ta gama jami'a.

Sai likita ya soki yatsana,
ya dubi lamba, ya dube ni.
"Malam Ilu, jininka ya ƙoshi da zaƙi."
Tun ranar shayina lami,
kokona tsami zalla,
ni da ƙudan zuma ke rakawa har ƙofar masallaci.

Ran Talata Zulai ta kai ni Samaru.
Ta ɗora min farar riga kan 'yar sharata,
muka shiga ɗakin gilashi mai zafin bakin murhu.
Tumatir ne jere a tukwane,
kowane da lamba a wuya kamar majinyaci.

"Baba, ka san ganyen da 'yan kudu ke naɗe alale?
A 'ya'yansa akwai wani furotin,
abin da zai maƙale a farce
ya ishi tulun kunu,
kuma ba ya tayar da suga, ba ya tara ƙiba.
Mun kwafo umarninsa daga ƙwayar halitta,
muka rubuta wa tumatir,
ga shi yana bitar karatu."

Na ce, "Tumatir ya yi boko, ni ban yi ba?
To miya fa, in ta yi zaƙi, wa zai ci tuwo?"
Ta yi dariya irin ta uwarta.
Wai tacewa za a yi, a fitar da gari.

Na miƙa hannu ga wani ja mai sheƙi.
Ta riƙe shi,
yadda nake riƙe nata a bakin kasko
lokacin tana rarrafe.
"Ba yanzu ba, Baba.
Saura gwaji, saura izini."
Shekara nawa? Ta gyara wata tukunya.

A mota, daga Tashar Yari,
na riƙa ƙirga gonakin rake.
Ga ta Ɗanlami, bai gama biyan doki ba.
Ga ta marayun Sale.
In abin Zulai ya tsaya da ƙafarsa
wa zai tsaya a kan tirensu?
In kuma bai tsaya ba,
ƙafata ta hagu ta fara mantawa da ni.

Ta ce zaƙinsa ba ya gaggawa,
sai ka haɗiye yake sallama,
in ya shigo kuma ya daɗe,
baƙon da ya sami shimfiɗa.

Da dare na ɗauko mazarƙwaila guda,
na shinshina, na mayar cikin kwando.
Na kurɓi shayina lami,
na haɗiye,
na zauna ina jira.