Ɓera na Goma Sha Bakwai

A ɗakin gwaji na bayan asibiti, a Garwa,
keji biyu muka ajiye.
Ɗaya a gindin taga, yana shan iskar Binuwai,
ɗaya cikin naɗin wayar tagulla
mai gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Ba zafi, ba hayaƙi, ba abin da ido zai kama.
Allurar kamfas ce kaɗai ke rawa in na matso da ita.

Duk Talata nakan ɗiga jinin wutsiya a gilashi,
in leƙa madubi, in ƙirga:
jajaye birjik kamar kaura a faifai,
farare jefi-jefi, 'yan gadin jiki.
Mako shida, 'yan gadin na goma sha bakwai sun ragu.
Dakta Bobbo ya ce in bi a hankali,
ɓera ɗaya ba ya zama hujja.

Jiya Lagdo ta ɗauke wuta, naɗin ya yi tsit.
Ya miƙe, ya lashi dagi, ya kalle ni.
Na rubuta: awa uku babu gwaji.
Sannan na zaro wayata daga aljihun ƙirji,
na ajiye ta can, kan teburin Astajam.